A Ciniki, Kada Ka Dogara Da Gyaɗa Kai

Ba kowace rigimar kasuwa ce ke tasowa daga zamba ba. Sau da yawa mutanen kirki biyu ne suka rabu, kowa yana ganin an gama magana, alhali abin da wannan ya faɗa daban, abin da wancan ya ji daban.

Ka ɗauki mai zuwa cin kasuwar iyaka, irin su Jibiya, Maigatari ko Illela. A ɓangaren Najeriya, idan dattijo ya ce “jaka ɗaya”, naira 200 yake nufi, domin asalin jaka fam 100 ce, kuma da aka fito da naira a 1973 sai fam ɗaya ya zama naira biyu. Mutumin Maraɗi kuwa, jika ɗaya a wurinsa sefa 1,000 ce, dala ɗaya sefa biyar. Dukansu Hausa suke yi, amma in ba a tsaya an ce kuɗin wace ƙasa ba, kuma nawa ne a lamba, sai a wajen biya za a gane an yi ta sukuwa a kan tabarma. Haka “kwano” da “buhu” suke: tiyar wannan gari ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. A kasuwar Dawanau mai hankali kan tambayi kilo nawa ne kafin ya taya.

Hannu ma yana da nasa yaren, kuma yana canzawa da ƙasa. Fataken kasuwar Kwari masu zuwa Guangzhou sun san cewa Basine yana ƙirga har goma da hannu ɗaya. Ya miƙe babban yatsa da ɗan ƙaramin, shida ke nan. Ya miƙe babban yatsa da manuni, takwas yake nufi, kai kuma kana ganin biyu. Shi ya sa ciniki a can yake ƙarewa a kan kalkuleta, kowa ya danna nasa. A nan gida kuwa, baƙon da ya ware wa mutum yatsu biyar a fuska yana nufin naira dubu biyar, daƙuwa ya yi masa bai sani ba. Miƙa canji da hagu, ko amsa wa dattijo ido na kan waya, ya ishi mai saye ya wuce rumfar gaba, kuma ba zai gaya maka dalili ba.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan gaskiya ne. “Albarka” da murmushi tana barin ƙofa a buɗe, mai saye ya ƙara taya. In aka faɗe ta da tsaki, an kore shi ke nan. Sai dai a yi hattara da masu bita da ke cewa wai kashi 93 cikin 100 na saƙo yana cikin murya da fuska, kalmomi kashi 7 kacal. Wannan lissafi ya samo asali ne daga binciken Albert Mehrabian na 1967 a Amurka, kuma kan nuna so ko ƙi aka yi shi, ba kan farashin yadi ba. Murmushi ba ya faɗin ranar biya.

Kawaicinmu ma yana jawo asara. Mutum ya ce “to, sai na duba”, yana nufin a'a, kai kuma ka ajiye masa kaya mako guda.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ce “na sallama”, maimaita adadi da farashi da ranar kawo kaya a gaban shaida, a kuma fayyace la'adar dillali a kan wa take. In ta WhatsApp ne, kada ka tsaya ga saƙon murya, ka rubuta, shi ma ya amsa a rubuce. In bashi ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta. Kada kunya ta hana ka neman takarda, ko da abokin cinikin naka ɗan ɗakinku ne.