Garuruwan Amurka da ke farfaɗo da yaƙin basasa don tuna mazan jiya

A ƙananan garuruwa da dama na Amurka, ƙarshen watan Mayu lokaci ne na wani taro na musamman. Mutanen gari, cikinsu har da malaman makaranta da makanikai da tsofaffin sojoji, sukan sa kakin sojan da aka daina ɗinkawa fiye da shekara 150 da suka wuce, su kafa tantuna a filin gari, su kwana biyu ko uku suna rayuwa irin ta sojojin yaƙin basasar ƙasar, wanda aka gwabza tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865. Sau da yawa ƙungiyar tarihin garin ce ke shirya taron, kuma takan haɗa shi da Ranar Tunawa da Mazan Jiya, wadda tun 1971 ake yi a Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. Abin ya ɗan yi kama da hawan sallah, inda barade ke fitowa da sulke da lifidi na zamanin da, sai dai a nan babu sarkin da ake wa jafi. Waɗanda ake girmamawa suna maƙabarta.

Waterloo, wani gari mai mutum kusan dubu biyar a jihar New York, shi ne ya fi suna a wannan fanni. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, wani mai kantin magani, Henry Welles, ya kawo shawarar a ware rana don mutanen garin da suka mutu a yaƙi, Janar John Murray ya mara masa baya, aka yi taron farko ranar 5 ga Mayu, 1866. An rufe kantuna, aka sassauta tutoci, aka yi jerin gwano zuwa maƙabartun garin da furanni. A 1966 majalisar dokokin Amurka da Shugaba Lyndon Johnson suka ayyana Waterloo a matsayin inda ranar ta samo asali. Masana tarihi da yawa ba su gamsu ba. Garin Columbus na jihar Jojiya da ƙauyen Boalsburg na Pennsylvania kowanne yana cewa shi ya fara, kuma tun ranar 1 ga Mayu, 1865, baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta a Charleston sun yi gangami don karrama fursunonin yaƙi 257 na Arewa da aka binne a filin sukuwa. Abin da babu gardama a kai shi ne umarnin Janar John Logan, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin Arewa, wanda a 1868 ya tsayar da 30 ga Mayu a matsayin ranar ƙawata kaburburan sojoji a faɗin ƙasa.

Dalilin da ya sa al'adar ta kafu a ƙananan garuruwa yana cikin yadda aka ɗebi sojojin. A wancan yaƙi, gari-gari ake tara mayaƙa. Kamfani guda mai mutum ɗari yakan fito daga gunduma ɗaya, wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci. Idan rundunar ta faɗa cikin mummunar arangama, gari ɗaya ne zai wayi gari da zaman makoki a kowace unguwa. Runduna ta 126 ta New York, wadda aka tara a yankin da Waterloo yake a 1862, ta faɗa hannun 'yan Kudu a Harpers Ferry makonni kaɗan da fitarta, aka sako ta, sannan ta yi asarar mutane da yawa a yaƙin Gettysburg a 1863. Jimillar waɗanda yaƙin ya ci an daɗe ana cewa 620,000 ne, amma wani bincike na 2011 ya kai adadin wajen 750,000. Kusan biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, musamman atini da taifot da ciwon huhu.

Aikin ƙungiyar tarihi yana farawa tun kafin a kafa tanti. Yawanci 'yan sa-kai ne, kuɗinsu daga gudummawar membobi da ɗan abin da ake samu a ƙofa. Su ke adana wasiƙun sojoji, da rajistar runduna, da takardun fansho na zawarawa, da tsofaffin hotuna. A Waterloo ƙungiyar laburare da tarihi ta garin ita ke kula da gidan adana kayan tarihin ranar. Daga irin waɗannan takardu ake gano wane ne ke kwance a ƙarƙashin dutsen da rubutunsa ya goge, kuma daga nan mai kwaikwayo kan ɗauki sunan wani soja na gaske, ya san sana'arsa da shekarunsa da inda ajali ya riske shi, don ya iya amsa tambayar mai kallo kamar shi ne.

Sansanin shi ne inda baƙo ya fi ƙaruwa. Kakin ulu ne mai kauri, shuɗi ga Arewa, ruwan toka ga Kudu, kuma a zafin bazara mai sanye da shi yana jiƙewa sharkaf. Abincin busasshen biskit ne na fulawa da ruwa, mai taurin da sai an jiƙa shi a kofi ko an farfasa shi da gindin bindiga, sai naman da aka adana da gishiri. Agogon hannu da waya da robar ruwa duk ɓoye su ake yi. Akwai masu tsanani da ke ƙirga ɗinkin maɓalli, su kwana a ƙasa babu tanti, akwai kuma masu sassauci da ke ajiye akwatin ƙanƙara a ƙarƙashin bargo, kuma tsakanin ɓangarorin biyu ba a rasa ba'a. Mata sukan fito a matsayin masu jinya da masu wanki da masu tara gudummawa. Teburin likitan fiɗa, da zartonsa da kwalbar maganin sa barci, yakan tara yara fiye da ko'ina.

Nunin ɗura bindiga ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke bayyana yadda aka yi yaƙin. Bindigar Springfield ta 1861 da Enfield ta Ingila ta baki ake ɗura su. Soja zai zaro ƙunshin takarda mai albarushi da dalma daga jaka, ya yage bakinsa da haƙori, ya zuba albarushin a bututu, ya tura dalmar, ya zare sandar ƙarfe ya danna ta har ƙasa, ya mayar da sandar, ya ɗora 'yar hular tagulla mai tayar da wuta, sannan ya saita. Mataki tara littafin horo ya tsara, kuma ƙwararre kan yi harbi uku a minti ɗaya, yawanci a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, abokan gaba na kallonsa. Wanda ya ga wannan da idonsa ya gane abin da ya sa sahu guda kan zube cikin 'yan mintoci. A wurin kwaikwayo ba a sa dalma, albarushi kawai, kuma a fagen arangama an hana zare sandar, don kada a manta da ita a bututu ta fita kamar mashi.

Ita arangamar kanta ita ce mafi rauni a taron, duk da ita ke jawo jama'a. Igwa na tashi, hayaƙi na turnuƙewa, amma kowa ya san wanda zai ci, kuma an sha yi wa masu kwaikwayo dariya cewa babu mai son faɗuwa da wuri bayan ya yi tafiya mai nisa ya kashe kuɗi a kan kaya. Hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya ba ta yarda a kwaikwayi faɗa a filayen daga da ke hannunta, saboda ƙasa ce da aka zubar da jini a kanta. Nunin sansani da horo kawai take bari, shi ya sa manyan tarukan Gettysburg a gonakin mutane ake yin su.

Bayan hayaniyar sai a nufi maƙabarta, kuma nan ne nauyin taron yake. Tun kafin ranar, 'yan sikawut da tsofaffin sojoji sun kafa ƙaramar tuta a kan kowane kabarin soja, daga na yaƙin basasa har na Biyetnam da Iraƙi. Tutar gari takan kasance a sassauce har tsakar rana, sannan a ɗaga ta. Akan karanta umarnin Logan da jawabin da Shugaba Abraham Lincoln ya yi a Gettysburg a Nuwamban 1863, a ajiye furanni, a kira sunayen matattun garin ɗaya bayan ɗaya, a wasu wurare da bugun ƙararrawa bayan kowane suna. Sai a yi harbi sau uku, mai begila ya busa Taps, wani gajeren take mai sauti 24 da aka tsara a sansanin Janar Daniel Butterfield a 1862. Sau da yawa sunayen da ake kira su ne dai sunayen iyalan da ke tsaye a wurin.

Kwaikwayon ya girmi masu yinsa na yanzu. A 1913 tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarorin biyu sun haɗu a Gettysburg, wasu suka sake taka filin da suka yi faɗa, suka gaisa a bakin katangar dutse. Salon zamani ya bunƙasa ne da bikin cika shekara ɗari a 1961, ya kai ƙololuwa a shekarun 1990. Fim ɗin Glory na 1989 ya jawo baƙaƙen fata cikin harkar, suna wakiltar sojoji baƙaƙe kusan 180,000 da suka yi wa Arewa yaƙi. Ɗaya daga cikin waɗancan sojoji, Nicholas Said na runduna ta 55 ta Massachusetts, haifaffen Kukawa ne a Borno.

Yanzu masu yi suna raguwa. Sun manyanta, kaya sun yi tsada, samari kuma ba su cika shiga ba. Ga kuma rigimar tutar Kudu, wadda wasu ke kallo a matsayin gadon kakanni, wasu kuma alamar bauta da wariyar launin fata. Bayan tarzomar da aka yi a garin Charlottesville a 2017, garin Manassas ya soke taronsa na waccan shekarar saboda tsaro. Ƙungiyoyi da dama sun rage arangama, sun ƙara bayani kan bauta da halin da mata da marayu suka shiga, wasu kuma sun haɗa sansanonin yaƙe-yaƙe daban-daban a fili ɗaya, tun daga yaƙin neman 'yanci har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu.