Tafiyar da Ba Ta Cikin Tikiti

Jirgin da ya taso daga Legas yakan sauka Kaduna cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Kafin ka gama shan ruwan da aka miƙa maka, an ce a ɗaura ɗamara, za a sauka. Sai ka ɗauki jakarka, ka fito harabar filin, nan kuma wata tafiyar za ta soma, wadda babu ita a tikiti, babu kuma wanda ya ɗauki alhakinta. Masu direba a jiran su sun wuce tun kafin ka gyara wuyan rigarka. Saura ɗalibi mai jakar goyo, da dattijuwar da ta dawo daga ganin jika, da ɗan kasuwar da zai kwana Zariya, kowa na kallon motocin hayar da ke jere, kowa na lissafin aljihunsa. Ka tambayi direba kuɗin shiga gari, amsar ɗaya ce: “Shata ne, Alhaji.”

Filin jirgin saman Kaduna yana ƙaramar hukumar Igabi, kimanin kilomita 20 da 'yan kai daga tsakiyar gari, ta bayan Mando da Afaka. A taswira tazarar ba ta da yawa. Amma ni a ganina wannan ɗan tsakanin shi ne ke yanke hukuncin ko filin zai rayu ko zai zama kufai, kuma shi ne abin da masu gina filayen jirgi a jihohinmu suka fi mantawa da shi.

Akwai dalilin da ya sa ake kai filin jirgi bayan gari, kuma dalili ne mai ƙarfi. Babban jirgin fasinja yana buƙatar titi mai tsawon kusan kilomita 3 kafin ya ɗaga da cikakken kaya, a ƙasa mai zafi kuwa buƙatar takan ƙaru, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun abin dogaro da wuri. Bayan titin, dole a bar sarari gaba da baya, babu dogon gini, babu turken sadarwa, babu juji ko mayanka da za su tara ungulu da shirwa a hanyar jirgi. Ga ƙara da ke hana maƙwabta barci. Kano ta san abin da ake gudu. Filin Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowane daɗewa a Najeriya, a bayan gari yake lokacin da aka kafa shi, sai birni ya bi shi ya kewaye. Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ya tashi daga can, bai yi nisa ba ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, cikinsu har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu, ba su taɓa sayen tikiti ba. Saboda haka ba wanda zai ce a dawo da filin jirgi tsakiyar kasuwa. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya kai fili daji, shi ya kamata ya yi tunanin yadda mutane za su je su dawo.

Kaduna ta taɓa ganin an yi wannan tunanin, sau ɗaya, na mako shida. A 2017 titin saukar jirage na Abuja ya lalace, domin an shimfiɗa shi tun farkon shekarun 1980 kuma ya daɗe da wuce wa'adinsa. Gwamnatin tarayya ta rufe filin ranar 8 ga Maris, ta karkata jiragen zuwa Kaduna. Nan take kowa ya gane cewa saukar jirgi ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce hanyar Kaduna zuwa Abuja, wadda a lokacin ta riga ta yi ƙaurin suna wajen satar mutane. Makonni biyu kacal kafin rufewar an sace Jamusawa biyu masu binciken kayan tarihi a yankin Kagarko, ko da yake an sako su bayan 'yan kwanaki. Manyan kamfanonin Turai irin su British Airways da Lufthansa da Air France suka ce ba za su je Kaduna ba. Ethiopian Airlines ne ya yarda, jirginsa kuma ya sauka a ranar farko.

Me gwamnati ta yi? Ta cike ramukan hanya. Ta zuba 'yan sanda da sojoji. Ta kawo manyan bas-bas da ke kwasar fasinjoji kyauta tsakanin filin Kaduna da Abuja, da rakiyar jami'an tsaro. Jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu, mai tsawon kilomita 186, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Yulin 2016, shi ma aka sa shi cikin lissafi. A waɗannan makonni fasinja yakan fito daga jirgi ya tarar da mota na jiran sa, ya san inda za ta kai shi, ya san ba zai yi ciniki da kowa ba. Ranar 18 ga Afrilu aka sake buɗe filin Abuja, kwana ɗaya kafin wa'adi, Ƙaramin Ministan Harkokin Jiragen Sama na lokacin, Hadi Sirika, ya sha yabo. Manyan baƙi suka koma inda suka fito, bas-bas ɗin suka bi su, mutanen Kaduna kuma suka koma ga shata. Wannan yana ci mini rai har yau, domin ya nuna cewa an san yadda ake yi, kuma an iya.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, wadda ke kan wannan hanya ta filin jirgi, suka tafi da ɗalibai 39. A Agustan shekarar suka kutsa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wadda ita ma take Afaka, suka kashe hafsoshi biyu, suka ɗauke ɗaya. Ranar 26 ga Maris, 2022, suka ɓullo ta gefen titin jirgin kansa, suka kashe wani mai gadi na hukumar kula da sararin samaniya. Kwana biyu bayan nan aka dasa bam a layin dogo, aka buɗe wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna wuta, mutane suka mutu, aka shiga daji da fiye da 60, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a watan Oktoba. Kamfanonin jiragen sama suka janye daga Kaduna na makonni, jirgin ƙasa bai dawo aiki ba sai Disamba. A duk wannan lokacin titin saukar jirgin lafiyarsa ƙalau, hasumiya na tsaye, na'urori na aiki. Abin da ya mutu shi ne amincin hanyar zuwa wurin, kuma da ya mutu, filin ya bi shi.

Ko a lokacin zaman lafiya, tsadar motar filin jirgi tana da tushe, kuma ba adalci ba ne a ɗora laifin duka kan direba. A tashar mota ta cikin gari, kamar Kawo ko Mando, mota na cika tana tashi, ta kai wasu ta ɗauko wasu, yini guda tana juyi. Filin jirgin jiha kuwa sau da yawa jirgi ɗaya ko biyu ne ke sauka a rana, wani filin ma ba kullum ba. Direba ya fito daga gari babu kowa a motarsa, ya biya kuɗin shiga ƙofa, ya biya na ƙungiya, ya zauna jiran layi. Idan jirgi ya yi latti, ya yi latti tare da shi. Idan lokacin hunturu ne hazo ya rufe sama aka soke tashin, ya koma gida da asarar mai. Fasinja ɗaya da zai samu, shi ne zai biya zuwa da dawowa da zaman jira. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi a wuyan kowa. Ga kuma rashin zaɓi: A Daidaita Sahu da ɗan acaɓa galibi ba a barin su su kai ƙofar ginin fasinjoji, motocin da ake kira ta waya kuwa sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma ko a can sun sha rigima da direbobin da ke da rajista a filin.

Daga nan sai abu ya zama zagaye. Zuwa filin na da wuya da tsada, sai fasinjoji su ragu. Fasinjoji sun ragu, sai kamfani ya rage jirage. Jirage sun ragu, sai babu mai sa bas a hanyar, domin ba zai cika ba. Mutumin Kafanchan ya duba ya ga Jos ko Abuja sun fi masa sauƙi. Mutumin Zariya, wanda ke da tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa Kaduna, ya ce gara ya miƙe Kano inda jirage suka fi yawa, idan ɗaya ya ƙi wani zai yi. Shi kansa mutumin Kaduna yana da wata mafita yanzu: jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a Mayun 2024, yana haɗa filin jirgin Abuja da tashar Idu, daga Idu kuma sai Rigasa. Wato filin Abuja, da ke can babban birnin tarayya, yana da layin dogo har cikin Kaduna, filin Kaduna kuwa ba shi da ko bas mai ƙayyadadden lokaci da fasinja zai dogara da ita ya shiga garin da ya ba filin suna.

Irin wannan ciwo yana damun sauran filayen jirgi na jihohinmu. Na Dutse, wanda aka yi a zamanin Sule Lamido, yana fama da kusancin Kano. Na Bauchi yana Durum, na Gombe yana Lawanti, na Jos yana Heipang, na Birnin Kebbi yana Ambursa, duk a wajen gari. Ranar buɗewa akan yi taro, a yanka kyalle, a yi maganar masu zuba jari da za su zo. Ban taɓa jin an yi irin wannan taro don ƙaddamar da motar da za ta kai mai ƙaramin ƙarfi filin ba.

Kuma ba fasinja kaɗai abin ya shafa ba. Filin jirgi yana da masu shara, da masu ɗaukar kaya, da masu gadi, da 'yan kwana-kwana, da masu sayar da abinci, da ma'aikatan duba yanayi. Fasinja sau ɗaya zai je ya wuce, su kuwa kullum ne, wasu tun kafin asuba, wasu sai bayan jirgin ƙarshe ya tashi da dare. Mai sharar da albashinta bai taka kara ya karya ba, ba za ta yi shata ba. Sai ta tsaya bakin hanya tana ɗaga hannu, ko ta sauka a mahaɗa ta ƙarasa da ƙafa a hanyar da ta ratsa daji. Waɗannan ma'aikata su ne fasinjojin farko na duk bas ɗin da za a sa, kuma su ne za su cike kujerun da ake tsoron za su tafi wayam.

Wani zai ce mai hawa jirgi mai kuɗi ne, ya ji da kansa. Wannan magana ta tsufa. Tun da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, mutane da yawa suna shiga jirgi ne don tsira da rai: majinyacin da aka tura asibiti a Legas, ɗalibar da za ta koma makaranta, ma'aikacin da aka kira jana'izar mahaifinsa. Wasu dangi ne suka yi musu karo-karo aka haɗa kuɗin tikitin. Irin wannan mutum idan ya sauka, abin da ya rage a aljihunsa na abinci ne, ba na shata ba.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyin da ake kashewa a gini. Jadawalin jirage sananne ne. Bas ɗaya ko biyu da za su tashi daga wuri tabbatacce, a ce Kawo da Mando da tashar Rigasa, awa biyu da rabi kafin kowane jirgi, su kuma jira wanda ya sauka ko da ya yi latti, sun isa su canza labarin. A rubuta kuɗin motocin haya a allo a bakin ƙofar fita, unguwa-unguwa, don baƙo ya san abin da zai biya, direba ma ya huta da zargi. A bar waɗanda hanyarsu ɗaya su haɗa kuɗi su shiga mota ɗaya, kamar yadda ake yi a kowace tasha. A sa fitilu a hanyar, sintiri kuma ya bi lokacin sauka da tashin jirage, musamman na dare. Bas ɗin ba lallai ta mayar da kuɗinta a watannin farko ba, dole gwamnatin jiha ta ɗauki giɓin, kamar yadda wasu jihohi kan tallafa wa kamfanonin jirage don kada su daina zuwa.

Ƙwarewar ma tana nan a gida. Duk shekara idan aikin Hajji ya zo, maniyyata daga ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna sukan taru a sansanin alhazai na Mando, da yawansu tsofaffi ne daga ƙauye, wasu ba su taɓa ganin jirgi a kusa ba. Ana kiran suna, ana auna kaya, ana jera su a bas, a kai su har bakin ginin filin da rakiya, ko da tsakar dare ne, ɗaruruwa a tashi ɗaya. Idan sun dawo, haka ake kwaso su. Daga sansanin zuwa filin jirgin, hanyar nan ɗaya ce da ɗalibin nan mai jakar goyo yake tsaye yana cinikin shata a kanta sauran watannin shekara.