Bashin harajin tarayya a Amurka: wa zai taimaka maka in wasiƙar IRS ta iso?

Birnin Greensboro da ke jihar North Carolina na daga cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa. A ƙidayar shekarar 2010 mutanen birnin 269,666 ne, a ta 2020 kuwa sun kai 299,035. Kamfanoni na ta buɗe masana'antu da rumbunan ajiyar kaya a yankin, cikinsu har da masana'antar batirin motoci ta Toyota da ke garin Liberty, kusa da birnin. 'Yan'uwanmu da dama sun samu abin yi a can: tuƙin manyan motoci, jigilar fasinja, kai saƙonni, kitso, gyaran mota da ƙananan shaguna. Da guminsu ake biyan kuɗin makaranta da na magani a gidaje masu yawa a Yamai, Dosso, Tawa da Maraɗi.

Sai dai akwai wata matsala da ba a cika faɗa wa na gida ba, ita ce ta bashin harajin gwamnatin tarayya, ko lanho kamar yadda muke cewa. Hukumar da ke karɓar wannan haraji, wadda ake kira IRS, na da ikon ƙwace wani ɓangare na albashin mutum ko kuɗin da ke asusunsa na banki ba tare da ta je kotu ba. Ranar da haka ta faru, saƙon wata-wata da iyali ke jira ne ke fara tsayawa.

Yadda bashin ke somawa

A Amurka kowa ne ke bayyana abin da ya samu da kansa, a fom mai lamba 1040, kafin ranar 15 ga Afrilu ta kowace shekara. Ma'aikacin kamfani ana cire masa haraji tun daga albashi, a ƙarshen shekara a ba shi takardar W-2. Wanda ke aikin ƙashin kansa kuwa, kamar direban Uber ko mai kitso, ba a cire masa komai. Shi zai ware kuɗin, ya biya sau huɗu: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba da 15 ga Janairu. Ban da harajin kuɗin shiga, akwai kashi 15.3 cikin 100 na asusun fansho da na lafiyar tsofaffi. Direban da ribarsa ta kai dala 30,000 a shekara, wannan kaɗai zai ci masa wajen dala 4,200. Wanda bai san da haka ba, sai watan Afrilu ya zo ya tarar ya riga ya aika kuɗin gida.

A nan ne da yawa ke yin kuskure mafi tsada: tunda ba su da kuɗin biya, sai su ƙi cika fom ɗin gaba ɗaya. Tarar rashin miƙa fom kashi 5 cikin 100 ce a kowane wata, har ta kai kashi 25. Tarar rashin biya kuwa rabin kashi 1 ce kawai a wata. Mutumin da ake bi dala 4,000, in ya miƙa fom a kan kari bai biya ba, bayan wata 5 tararsa dala 100 ce. In kuwa bai miƙa ba, ta kai dala 1,000. A duka biyun akwai kuɗin ruwa da ke hauhawa kullum. Ana iya neman ƙarin lokacin miƙa fom zuwa 15 ga Oktoba, amma wannan ba ya ɗage ranar biya.

Hanya ta biyu ita ce ta 'ya'yan da ke gida. Mutum na ciyar da yara biyar a Damagaram, sai mai cika masa fom ya ce a saka su don a samu rangwame. Doka ba ta yarda ba. Wanda za a saka a matsayin abin ciyarwa dole ya kasance ɗan ƙasar Amurka, ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meziko, kuma mafi yawan rangwamen yara na buƙatar yaron ya zauna tare da mai fom ɗin fiye da rabin shekara. Kuɗin da ake aika wa iyaye da dangi ma ba a cire shi daga abin da za a biya wa haraji.

Ta uku ta shafi dukiyar da ke gida. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin ana bin su haraji kan abin da suka samu ko'ina a duniya, har da kuɗin hayar gida a Yamai. Haka nan duk wanda jimillar asusunsa na bankunan waje ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a shekara, wajibi ne ya bayyana a wani rahoto daban da ake kira FBAR.

Wasiƙun da ba a ajiyewa a aljihun mota

IRS na fara tuntuɓar mutum ne ta gidan waya. Kowace wasiƙa na da lamba a kusurwarta, kuma lambar ce ke nuna inda aka kwana. CP14 ita ce sanarwar farko cewa ana binka. CP2000 na nufin abin da ka rubuta bai dace da abin da kamfanoni ko bankuna suka shaida wa hukumar ba, kuma kana da damar musantawa. Biyu ne suka fi haɗari. Ta farko ita ce sanarwar da ke ba ka kwana 90 ka kai ƙara Kotun Haraji ta Amurka kafin a tabbatar da bashin, ko kwana 150 in an aiko maka ita ne kana wajen ƙasar. Ta biyu ita ce LT11 ko wasiƙa mai lamba 1058, gargaɗin ƙarshe kafin ƙwace dukiya, wadda ke ba ka kwana 30 ka nemi a saurare ka ta fom 12153.

Wanda ya tafi ganin gida na wata uku, ko ya sauya gida bai sanar ba, yana iya dawowa ya tarar wa'adin ya wuce, domin doka ta wadatu da a aika wasiƙar zuwa adireshin ƙarshe da hukumar ta sani. Sanar da sauyin adireshi ta fom 8822 ba ya cin ko sisi.

Su wa doka ta yarda su tsaya maka

A kakar haraji shagunan cika fom na tsirowa ko'ina a birni mai bunƙasa, wasu a gefen shagon aika kuɗi, wasu a falon gida. Cika fom daban, tsayawa mutum a gaban hukuma daban. Rukuni uku ne ke da cikakken ikon wakiltar mai biyan haraji a kowane mataki.

Na farko shi ne wakilin da IRS da kanta ta ba lasisi, wanda ake kira EA, bayan ya ci jarrabawa mai kashi uku ko ya yi shekaru yana aikin haraji a hukumar. Haraji ne kaɗai sana'arsa, kuma shi ya fi dacewa da mai bashin shekaru ko mai neman biya kaɗan-kaɗan. Na biyu shi ne akanta mai lasisin jiha, wato CPA, wanda ya fi amfani ga mai shago ko kamfanin jigila da littattafan kuɗinsa suka rikice. Na uku lauya ne. Shi ake nema in ana zargin ɓoye kuɗi da gangan ko takardun bogi, domin sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa na da kariya ko a shari'ar laifi, abin da na akanta ba shi da shi. Kowanne daga cikinsu sai ka sa masa hannu a fom 2848 kafin ya yi magana da yawunka. Daga nan yana iya ganin bayanan asusunka, ya amsa wasiƙu, ya halarci zama a madadinka.

Taimakon da ba na kuɗi ba

Rashin kuɗin lauya ba hujja ba ce ta yin shiru. Akwai cibiyoyin da ake kira LITC, galibi a jami'o'i da ƙungiyoyin agajin shari'a, masu wakiltar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sharaɗinsu shi ne kuɗin shigar mutum kada ya wuce ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci na tarayya, kuma kuɗin da ake jayayya a kai kada ya haura dala 50,000 a shekara ɗaya. Suna kuma wayar da kan waɗanda Ingilishi ba harshensu na farko ba ne. Jerin sunayensu na cikin ɗan littafin IRS mai lamba 4134.

Akwai kuma ofishin kare haƙƙin mai biyan haraji, TAS, mai zaman kansa a cikin hukumar, wanda ke da reshe a kowace jiha. Ana neman sa ta fom 911 in matakin hukuma zai hana mutum biyan haya ko sayen abinci, ko in magana ta maƙale. Shirin VITA na cika wa masu matsakaicin samu fom kyauta. Ita ma Kotun Haraji, wadda ke zama a Winston-Salem kusa da Greensboro, na da tsari mai sauƙi ga ƙarar da ba ta wuce dala 50,000 ba, kuɗin shigar da ita dala 60. Wanda Ingilishi ke ba wuya yana da damar neman tafinta ta waya, har da na Faransanci.

Mafitar da ƙwararre zai duba

Abu na farko shi ne miƙa duk fom ɗin shekarun da aka tsallake, don hukumar ba ta yin sulhu da wanda bai yi haka ba. Wani lokacin ma a nan ake gano gwamnati ce ke riƙe da rarar kuɗin mutum, amma bayan shekara 3 wannan rarar ta tafi ke nan.

Daga nan sai tsarin biya. Akwai na gajeren lokaci, har kwana 180. Akwai na wata-wata, wanda mai bashin da bai wuce dala 50,000 ba zai iya nema da kansa ta intanet. Wanda ya yi shekara 3 ba a ci shi tara ba yana iya roƙon a yafe masa tarar karon farko. Wanda ba ya da halin biya sam ana iya dakatar da binsa na wani lokaci, ko da yake kuɗin ruwa na ci gaba. Matar da mijinta ya yi ƙarya a fom ɗin da suka miƙa tare, ba da saninta ba, tana iya neman a cire ta daga bashin ta fom 8857.

Sai kuma sulhun biyan ƙasa da abin da ake bi, ta fom 656, da kuɗin nema dala 205, waɗanda ake ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar na lissafa dukiyar mutum da abin da zai iya samu nan gaba, kuma ta fi ƙin amincewa fiye da amincewa. Tana da shekara 10 na bin bashi daga ranar da ta tabbatar da shi, don haka ba ta gaggawar yafewa.

Alamomin macuci

Tallace-tallacen rediyo da na Facebook masu alkawarin share bashi da 'yan daloli kaɗan, IRS da kanta ta sha gargaɗi a kansu. Wanda ya yi maka alkawarin sakamako tun bai ga takardunka ba, ko ya nemi dubban daloli a gaba, ka yi nesa da shi. Duk mai cika fom don kuɗi dole ya sa hannu, ya rubuta lambarsa ta PTIN. Wanda ya ƙi sa hannu, ko ya ce ladansa kaso ne na rarar da za a mayar maka, ko ya so kuɗin su faɗa asusunsa, ko ya ba ka fom ba a cika ba ya ce ka sa hannu, ya san abin da yake gudu. Ko ɗan garinku ne, ko a masallaci ɗaya kuke salla, kai ne doka za ta kama kan abin da aka rubuta da sunanka. Ana iya bincika lasisinsa a kundin da ke shafin IRS. Mai kiran waya yana barazanar kamu ko kora daga ƙasa in ba a biya nan take da katin sayayya ba kuwa, ɗan damfara ne kai tsaye.

Abin da ke cikin haɗari

Lamarin bai tsaya ga kuɗi ba. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, na tambaya ko ana bin mutum haraji. Mai son ɗauko matarsa ko 'ya'yansa sai ya gabatar da shaidar harajinsa tare da fom I-864. Bisa wata doka ta 2015, ana iya hana ɗan ƙasa fasfo ko a soke nasa in bashin ya yi yawa, kuma a 2025 iyakar ita ce dala 64,000. Jihar North Carolina ma na da nata harajin, da nata hukumar daban, kuma gyara a fom ɗin tarayya kan taɓa na jiha.

Saboda haka ranar da ambulan ya iso, a buɗe shi, a duba lamba da wa'adi, a tattara takardun W-2 da 1099 da bayanan banki, a nemi mai lasisi ko cibiyar kyauta tun da sauran kwanaki. Su kuma na gida, in ɗan'uwa ya ce zai rage saƙo na 'yan watanni don ya biya lanho, a yi masa uzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma biyan da zai yi yau shi zai sa saƙon ya ɗore.