Yadda Na'urar Leza Ke Auna Nisa da Gano Shiyya

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa na'urar awo mai aiki da hasken leza ba ta auna nisa kai tsaye. Abubuwa biyu take aunawa, wato lokaci da kusurwa, sa'an nan ta fitar da nisa da shiyya ta hanyar lissafi. Tun daga 1960, lokacin da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka, wannan ƙa'ida ba ta sauya ba.

Auna Nisa

Na'urar takan harba ɗan guntun haske, ya bugi abu, ya dawo, kamar yadda amsa-kuwwa ke dawo wa mai kira a gindin dutse. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Saboda haka idan muka ninka wannan gudu da lokacin da hasken ya ɗauka, muka raba biyu domin tafiya da dawowa ce, mun sami nisa. Alal misali, bangon da ke nisan mita 150 zai mayar da hasken cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Da wannan dabara ake auna nisan wata ta madubin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a can a 1969, inda hasken ke kai wa ya komo cikin daƙiƙa biyu da rabi.

Gano Shiyya

Nisa kaɗai ba ya nuna inda abu yake. Don haka akwai madubi mai juyawa da ke karkata hasken sama da ƙasa, ita kuma na'urar tana kewayawa a kan gindinta. Duk harbi guda akan rubuta kusurwoyin nan biyu tare da nisan, su ba da matsayin ɗigo guda. Tarin miliyoyin ɗigo shi ke fitar da surar gini ko ta fili.

Kammalawa

Wajibi ne mu faɗakar da ɗalibanmu cewa kuskuren kusurwa yana girma da nisa. Kuskuren kashi ɗaya bisa ɗari na digiri yakan zama santimita 1.7 a nisan mita 100, ya ninka goma a kilomita guda. Haka nan ƙurar hunturu tana watsa hasken, ta rage zangonsa. Safiyon da bai san wannan ba yana iya shata iyakar gona a inda ba nan take ba, alhali na'urarsa lafiya lau take.