Tsirran da ke zaune a kan bishiyoyi a dajin Lamington

A gandun dajin Lamington da ke jihar Queensland ta Ostareliya, wanda aka keɓe tun 1915, rassan manyan bishiyoyi kan haɗe su tare rana. Tsiron da ke son haske dole ya nemi hanyar hawa sama.

Wasu a kan reshe suke tsirowa kai tsaye. Kada mai karatu ya ɗauke su tamkar kauci, domin kauci tsotson bishiya yake yi, su kuwa masauki kawai suka nema. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Platycerium, yakan manna faffaɗan ganyensa a jikin kututture, ya tare ruwan sama da busassun ganyen da ke faɗowa, su ruɓe su zama takinsa. Calamus muelleri kuwa yaɗo yake yi, yana maƙalewa da ƙayoyi masu lanƙwasa, har rigar mai wucewa sukan kama.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Ficus watkinsiana, ɗan dangin ɓaure. Tsuntsu ke kasayar da irinsa a reshe, irin ya tsiro ya sako saiwoyi zuwa ƙasa, su yi kauri su shaƙe bishiyar har ta mutu ta ruɓe, ɓauren ya tsaya da kansa da kogo a ciki.

A 2019, bayan fari mai tsanani, gobara ta ci wani ɓangare na wannan daji.