Bashin Ƙarshen Wata da Masu Tsanani Wajen Karɓa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinsu, gama ƙorafin bashi ya yawaita a zaurukan masu sarauta, kuma irin bashin da ake kuka da shi yanzu ya saɓa wa wanda aka saba gani a da. Abin da ake so a fahimta guda ɗaya ne. Bashi daban, wulakanci daban. Wanda ya ci bashi lalle ne ya biya, amma wanda ke bin sa ba shi da ikon tsoratar da shi, ko ɓata masa suna, ko damun danginsa. Hakimin da ya rarrabe waɗannan abubuwa biyu zai iya kwance yawancin rigingimun da za su zo gabansa.

Menene bashin ƙarshen wata?

Shi ne ɗan rance kaɗan da ake ba mutum na 'yan kwanaki, bisa sharaɗin zai mayar da uwar kuɗi da ruwa mai yawa ranar da albashi ya fito. A Amurka da Ingila ne wannan sana'a ta fara yin ƙarfi. A Nijeriya kuwa ta bazu ta hanyar wayar hannu. Mutum yakan saukar da manhajar kamfani a wayarsa, ya ba da sunansa da lambarsa ta banki, watau BVN, kafin ya tashi daga inda yake zaune kuɗi sun shiga asusunsa. Ba jingina, ba mai tsaya masa, ba shaida. Wannan sauƙi shi ke jawo ƙananan ma'aikata, da malaman makaranta, da 'yan tireda, musamman sa'ad da rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso a tsakiyar wata.

Yadda ruwa ke haihuwa

Ga misali domin malamai su gwada da alƙalami. A ce mutum ya karɓi naira 20,000 na mako ɗaya, aka sa masa ruwa talatin bisa ɗari. Ranar biya za a nemi 26,000 a hannunsa. In ba shi da su, ya je wani kamfani ya ranto 26,000 da irin wannan sharaɗi domin ya biya na fari, to, mako na biyu ana bin sa 33,800. Mako na uku 43,940. Mako na huɗu 57,122. A mako na biyar bashin ya haura 74,000, alhali mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan cikin kwana talatin da biyar rancen 20,000 ya cinye albashin wata ɗungum, mutumin kuwa bai ci komai ba bayan kuɗin farko. Saboda haka babbar nasiha ga duk wanda abin ya shafa ita ce kada ya ci sabon bashi domin biyan tsoho.

Irin tsananin da ake yi

Sa'ad da mutum ke saukar da manhajar, akan nemi ya yarda kamfani ya duba abin da ke cikin wayarsa. Da yawa sukan yarda ba tare da sun karanta ba. Ta haka kamfani ke kwashe lambobin dukan mutanen da ya sani. Ran da ya makara da biya, sai a fara buga masa waya dare da rana da zagi. Daga nan sai a aika wa matarsa da surukansa da shugabansa na wurin aiki saƙo cewa wane ɓarawo ne, ana nemansa. Wasu sun kai ga watsa hoton mutum da sanarwar mutuwarsa alhali yana raye. Wasu kuma sukan yi barazanar turo 'yan sanda, ko su aiko da takarda mai kama da sammacin kotu. Abin da masu wannan hali suka dogara da shi shi ne kunya, gama sun san mutum ya gwammace ya sayar da akuyarsa ko gonarsa da a kira shi macuci a gaban surukai.

Wannan hali ba a nan ya soma ba. A Ingila, a 2014, hukumar da ke kula da sha'anin kuɗi ta sa wani babban kamfanin irin wannan rance mai suna Wonga ya biya diyyar fam miliyan 2.6, domin ya aika wa mutum wajen 45,000 wasiƙun tsoratarwa da sunan ofisoshin lauyoyi waɗanda babu su. Daga Janairun 2015 aka ƙayyade ruwan irin wannan rance a can: kada ya wuce kashi 0.8 bisa ɗari a rana, kuma duk abin da za a ƙara kada ya wuce yawan uwar kuɗin. Kamfanin ya durƙushe a 2018. Darasin da ke ciki shi ne takarda mai hatimi da manyan kalmomi ba lalle ta zama gaskiya ba.

Abin da hukumomin Nijeriya suka yi

A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar rance. A Maris na 2022 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC, tare da wasu hukumomi, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanoni a Legas, aka kuma rufe wasu asusunansu na banki. A Agustan wannan shekara ta fito da ƙa'idar rajista, ta kuma riƙa buga jerin kamfanonin da ta amince da su. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa duba lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. A Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A 2025 kuma FCCPC ta fito da cikakkun ƙa'idodi, inda tara ke iya kai naira miliyan 100. Duk da haka akwai masu aiki a ɓoye, waɗanda ke raba manhajarsu ta saƙon waya domin su kauce wa waɗannan sharuɗɗa. Su ne suka fi tsanani, su ne kuma ya fi kamata a gargaɗi jama'a a kansu.

Abin da doka ta hana

Na ɗaya, kasa biyan bashi ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Hanyar mai bin bashi ita ce ya kai ƙara kotu, alƙali ya saurari kowa. Sai fa in akwai zamba tun farko, kamar wanda ya yi amfani da sunan wani, wannan shari'arsa daban.

Na biyu, ba a kama wani a madadin wani. Sashe na 36 na wannan doka ya hana. Uba ko mata ko ƙane ba su da alhakin bashin da ba su sa hannu a kansa ba. Kasancewar lambar mutum a wayar wanda ya ci bashi ba ta mayar da shi mai tsaya masa ba.

Na uku, ɓata suna da tsoratarwa laifuffuka ne tun a Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, jihohi kuma suka gaje ta. Wanda ya kira mutum ɓarawo a gaban jama'a saboda ya makara da biyan rance shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Abin da ya rage a wuyan mai bashi

Kada kuwa a ruɗi jama'a da cewa tun da kamfani ya yi laifi bashi ya faɗi. Bai faɗi ba. Kamfani mai rajista yana iya kai sunan mutum ga ma'aikatun da ke ajiye tarihin masu cin bashi bisa dokar 2017, ta yadda zai yi wuya wani banki ya sāke ba shi rance. Har wa yau, tun Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna iznin cire abin da suke bi daga sauran asusunan mutum na wasu bankuna, in ya sa hannu a kan wannan sharaɗi sa'ad da ya karɓi kuɗin. Addini ma bai sassauta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Surar ta haramta riba, ta kuma yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Haƙƙi ne a kan kowane ɓangare.

Aikin hakimi da malaminsa

Hakimi ba alƙali ba ne, ba shi tsare mutum ko ƙwace kayansa saboda bashi. Aikinsa sulhu ne da nuna hanya. Sa'ad da mai kuka ya zo, a saurare shi a keɓe, domin tona asirinsa a gaban fada ƙarin ciwo ne a kan wanda aka riga aka yi masa. Sa'an nan malami ya zauna da shi su rubuta kowane bashi a layinsa: sunan kamfani, nawa aka rubuta, nawa suka shiga hannunsa da gaske, nawa ya riga ya biya, da ranakun. Sau da yawa akan ga an cire wani kaso tun kafin kuɗin su iso, ko kuwa abin da ya biya ya riga ya wuce uwar kuɗin.

Bayan haka a duba ko sunan kamfanin yana cikin jerin da FCCPC ta amince da shi. A taimaki mutumin ya rubuta wa kamfani takarda, ya faɗi abin da ya yarda ana bin sa, da abin da zai iya biya kowane wata bayan ya fitar da abincin gida da kuɗin haya. Kada ya yi alkawarin abin da ba zai iya cikawa ba. Kada ya tura kuɗi asusun wani mutum shi kaɗai da ya bugo waya, sai asusun kamfani, ya kuma adana shaidar kowane biya.

Saƙonnin zagi da barazana kada a goge su, su ne shaida. A ɗauki hotonsu, a rubuta lambobin da suka bugo da ranakun, a kai ƙara ga FCCPC a kan tsanani, ga NDPC kuma a kan kwashe lambobin waya. In an yi barazanar taɓa lafiyar mutum, a sanar da 'yan sanda nan take. In kuwa sammaci ya zo, malami ya je ko ya aika kotun da aka ambata a tabbatar. In na gaske ne, lalle mutum ya halarta, gama ƙin zuwa yakan sa a yanke hukunci ba ya nan.

Ya kamata kuma a shawarci mutumin ya riga kamfani gaya wa iyalinsa da shugabansa halin da yake ciki. Asirin da mai shi ya faɗa da bakinsa ba a yi masa barazana da shi. In aka ga damuwa ta yi masa yawa, ya daina barci ko yana maganar gajiya da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a haɗa shi da danginsa da limaminsa, a kai shi asibiti.

Rigakafi

Mutane ba su zuwa ga masu ruwa sai don sun rasa wata ƙofa. Saboda haka hakimai su ƙarfafa adashi da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da na 'yan kasuwa, inda mutum zai ranci kuɗi daga abin da shi da 'yan'uwansa suka tara. Akwai kuma bankunan da ba su aiki da ruwa, irin su Jaiz wanda ya buɗe a 2012. Masu hali na gari su ma a tuna musu ladar rance don Allah.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a taron dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar wa limamai da shugabannin makarantu da sarakunan kasuwa. Malamai su buɗe shafi na musamman a littafin ofis domin irin wannan ƙorafi, ba tare da bayyana sunayen masu shi ga kowa ba, yadda in kamfani ɗaya ya yawaita ɓarna a gunduma za a iya kai ƙararsa a dunƙule.