Yadda ake auna manhaja tana cikin aiki ba tare da an danne ta ba

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya shafe sa'o'i bai hau shafin IReV na hukumar INEC ba. Hukumar ta ce kuskure ne a saitin manhajar. Injiniyoyinta sun tsinci kansu a halin da kowane mai rubuta manhaja ke tsoro: neman cuta a jikin abin da ba damar tsayar da shi, ga jama'a sun zuba ido.

Nauyin manhaja ma a irin wannan hali ake bincikarsa, ta hanyar auna sashen da ke cinye lokaci. Sai dai awon kansa kaya ne. Hanya ta farko ita ce a dasa alama a ƙofar kowane ƙaramin aiki, ta riƙa rubuta shigarsa da fitarsa. Wanda ya saba bin titin Kano zuwa Daura ta Kazaure zai gane illar: a kafa shinge don gano dalilin cunkoso, sai shingen ya zama shi ne cunkoson. Abin ya fi muni ga ƙananan ayyukan da ake maimaitawa sau miliyoyi, domin rubuta su kan fi yin su cin lokaci, alƙaluman kuma su ɗora laifi inda babu.

Hanya ta biyu leƙe ce. Ana tsayar da manhajar na ƙiftawar ido, a ga inda take, a sake ta. Sashen da aka fi tarar da ita a ciki shi ke cin lokacin. Masu amfani da perf a Linux sukan zaɓi leƙe 99 a daƙiƙa maimakon 100, don kada leƙen ya riƙa faɗowa daidai da ayyukan da ke bin agogo, ya yi ta ganin abu guda. A 2010 kamfanin Google ya bayyana cewa yana irin wannan awo dare da rana a cibiyoyinsa, yana zaɓen injuna ƙalilan a kowane zagaye.

Leƙe ma da nasa aibin: abin da ke faruwa jefi-jefi kan kuɓuce masa.

Ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure zai iya gwada hanyoyin biyu a kan ƙaramar manhajarsa ya ga bambancin. 'Yan majalisa masu bin diddigin kwangilar shafukan gwamnati kuwa, suna iya tambayar ɗan kwangila ko akwai awo marar nauyi da ke gudana tun kafin ranar cunkoso, da kuma wanda ke duba sakamakonsa.